WA YA FARA MIƘA MASA?

 

A cikin gajerun labaran da ake turo mana domin dubawa, mun lura da wani abu da yake ta maimaituwa. Kusan duk labarin da ya taɓo shaye-shaye da fitowa ɗaya yake farawa: yaron kirki, ɗan gidan mutunci, ya haɗu da mugun aboki a bayan makaranta, abokin ya miƙa masa karan sigari, shi ke nan ya lalace. Uwa tana kuka, uba ya kore shi, a babin ƙarshe ko ya haukace ko ya tuba. Ba mu ce hakan ba ya faruwa ba. Amma mu da muka tashi a Ringim mun san cewa mugun abokin nan shi ma ɗan wani gida ne, kuma shi ma wani ne ya fara miƙa masa. Idan muka bi sawun hannun da yake miƙawa, muka yi ta komawa baya, za mu tarar da tarihin kusan shekara ɗari. A cikinsa akwai jirgin ƙasa da soja da mai gona da siniya da ɗan siyasa da mai kemis, akwai kuma iyayenmu. Wannan tarihi muke so mu ɗan bi tare a yau, domin alƙalaminmu ya daina ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum goma.

KAFIN ZUWAN JIRGI

Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa abin wartsake jiki ba. Fatake sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗauko goro daga Gwanja. Taba ta shigo Afirka ta Yamma tun wajen farkon ƙarni na 17, har malamai suka yi saɓani a kanta. Ahmad Baba na Timbuktu yana cikin waɗanda suka ga halascinta, wasu kuma suka haramta. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a shekarun 1850, ya ambaci tabar Katsina da yadda ake sonta. Maguzawa suna dafa giyarsu, masu magani kuma sun san zaƙami da abin da yake yi wa hankali.

Abin da ya bambanta wancan zamani da namu shi ne katangar da ke tsakanin yaro da waɗannan abubuwa. Saurayi a gandun ubansa yake noma, daga rumbun gidan yake ci, uban ne zai biya masa haraji, shi zai yi masa aure. Ba shi da kuɗin kansa sai ɗan abin da gayaunarsa ta ba shi. Abokansa ma ba a sake suke ba. Akwai sarkin samari, akwai gayya, akwai dandali da kalankuwa, kuma duk a idon gari ake yin su. Wanda ya yi abin kunya tsararrakinsa ne za su fara hukunta shi kafin magana ta kai ga manya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata marubuci ya riƙe da kyau. Bahaushe ba ya zama ya yi hira da ɗansa, balle ɗan fari da ake jin kunyarsa, ko sunansa ba a faɗa. Wannan bai zama matsala ba a da, saboda aikin jan yaro a jiki yana hannun wasu: kaka da take wasa da shi, kawu, baffa, gwaggo, maƙwabci, malamin allo. Da ake cewa ɗa na kowa ne, tsari ne na gaske da aka raba wa kowa aikinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

GYAƊA, BARIKI DA SOJA

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Zuwa 1930 an ja reshensa daga Kano, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori har Nguru. Tashar Ringim ta zama wurin awon gyaɗa, kuma gyaɗa ta kawo abin da gandu bai saba da shi ba: tsabar kuɗi a aljihun saurayi. Wanda ya yi dako a tasha ko ƙwadago a gonar wani zai iya samun sulallansa ba tare da sun bi ta hannun ubansa ba. Daga nan igiyar gandu ta fara sassautawa.

Turawan mulki sun hana sayar wa 'yan ƙasar Arewa barasar da ake shigowa da ita daga waje, amma a bariki da Sabon Gari ana samu. Shi ya sa kalmar “ɗan bariki” ta ɗauki ma'anar da muka sani. Idan muka duba Waƙar Giya ta Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan yanki namu, wanda waƙoƙinsa suka yi tashe a shekarun 1950, za mu ga da baligai yake magana, masu abin hannunsu da suke kashewa a gidan giya. Mashayin farko a adabinmu na boko babban mutum ne. Yaro bai shigo fagen ba tukuna.

Tabar wiwi ta shiga dokar miyagun ƙwayoyi ta mulkin mallaka tun 1935, amma masu tarihi da yawa suna danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka mai tsanani, wadda ta tanadi har hukuncin kisa ga mai noma ta da ɗaurin shekara goma ga mai sha. An sassauta dokar a 1975. Ita kuwa wiwi ba ta fasa yaɗuwa ba.

A tsakanin nan sigari ta zama ruwan dare. An buɗe masana'antarta a Zariya a 1959, mai tebur kuma ya iya sayar da ita kara ɗaya-ɗaya, daidai aljihun yaro. A nan ne hannun gida ya fara bayyana. Wa ake aika sayen sigari? Yaro. Wa ake cewa ya je murhu ya kunno ta? Yaro. Da yawa daga cikin mashaya sigarin wancan zamani a kan hanyar dawowa daga aike suka yi zuƙar farko. Sai a 2015 dokar taba ta ƙasa ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya. Kowa ya san yadda ake bin wannan doka a teburin unguwarsu.

ƘWAYAR AIKI

Shekarun 1970 sun girgiza yankinmu. Farin 1973 ya cinye amfanin gona da dabbobi, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta zama tarihi. A daidai lokacin kuɗin man fetur suna zuba a birane. Samari suka yi ta tafiya cin rani Kano da Kaduna da Legas, wasu ba su ƙara dawowa noma ba. Littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a 1978, wannan hali ya kama: saurayin da ya bar ƙauye, birni ya haɗa shi da miyagun abokai.

Ƙwayar da ta yi tashe a wancan lokaci, wadda ake kira “a ji garau”, ta hanyar aiki ta shigo. Direban babbar mota yana sha don kada barci ya ɗauke shi, lebura yana sha don ya ƙara buhu, manomi yana sha don ya gama kunyarsa kafin rana ta yi. Dattawa suna ba da labarin masu gonar da suke jefa ta a kunu ko fura su ba 'yan ƙwadago. Yaron mota ɗan shekara 15 da ubangidansa ya ba shi ƙwaya a hanyar Nguru, wane mugun aboki za mu ɗora wa laifinsa? Har yau wannan ƙofa a buɗe take. Gadagin 'yan acaɓa da tiramol ɗin masu aikin ƙarfi jikokin “a ji garau” ne. Yaron da yake dako a kasuwar Gujungu ran Lahadi, idan ya ga na gaba da shi ya haɗiya ya ɗauki buhu biyu, darasi ya ɗauka ba tare da an ce masa komai ba.

MAKARANTA

A watan Satumban 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka shirya, malamai suka yi kaɗan. Bayan 'yan shekaru wannan ambaliya ta isa sakandare. Aka tara ɗaruruwan samari tsararrakin juna a wuri guda, wata uku-uku, nesa da kaka da kawu, a ƙarƙashin malamai ƙalilan. Mulkin ɗakin kwana ya koma hannun siniya, wanda shi ma yaro ne.

Mu da muka yi makarantar kwana mun ga yadda abin yake tafiya. Akwai wani ɗan ajinmu, ba za mu faɗi sunansa ko na makarantar ba. Shi ne mafi ƙanƙanta a ɗakinsu, saboda haka shi siniyoyi suke aikawa ya tsallaka katanga ya sayo musu. Ladansa shi ne ba a dukansa, ba a ƙwace masa garin kwakinsa. Wata rana suka ce ya ɗanɗana, domin wanda ya sha ba zai kai ƙara ba. Da muka shiga ajin ƙarshe, lokacin karatun dare, shi ne yake raba wa wasu ƙwayar hana barci, yana ganin taimako yake yi. Da aka kama shi aka tara mu aka yi masa bulala, aka kore shi. Babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi ya fara. Mun haɗu da shi a tasha a Dutse shekaru bayan haka, ya gane mu, ya kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya roƙi naira ɗari biyu. Mu ma da muka san komai tun yana aji biyu ba mu taɓa faɗa wa kowa ba, domin a lokacin muna ganin rufa masa asiri shi ne abota.

Kada a fahimce mu a karkace. Aji mai malami a ciki kariya ne. Haɗarin yana wuraren da makaranta ta bar giɓi: darasin da malami bai shigo ba, bayan katanga, kora ba tare da wani tanadi ba, da kuma shekarun zaman jiran sakamako, inda saurayi ba ya gona, ba ya aji, sai majalisa daga hantsi zuwa dare. Haka almajirin da aka kai birni aka bar shi da ƙoƙonsa. Sholisho, wato gam ɗin facin taya, a hannun irin waɗannan yara da yaran tasha ya samu kasuwa, saboda arha ne kuma yana danne yunwa na ɗan lokaci.

DOKA DA SIYASA

Gwamnatoci sun fi gwada sanda. Dokar soja ta 1984 a zamanin Janar Buhari ta tanadi kisa ga masu safarar hodar iblis, aka kuma harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985. A ƙarshen 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NDLEA. Amma wannan gwamnati ce ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, wanda ya karya darajar naira. Asibitocin gwamnati suka rasa magani, jama'a suka koma kemis da masu tallar magani a faranti. Muka saba da sayen ƙwaya ba takardar likita, muka saba da aiken yaro ya sayo. Yaron da ya taso yana ganin kowane ciwon kai da kowace gajiya ana kashe su da ƙwaya biyu, an riga an koya masa cewa damuwa ma tana da ƙwayarta.

A ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiri jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, Ringim ta samu masarautarta a wannan shekara. An samu ci gaba, an kuma samu sabuwar sana'a ga matasa marasa aiki, musamman bayan dawowar mulkin farar hula a 1999: bangar siyasa. Kano tana da 'yan daba, Gombe tana da 'yan kalare, Bauchi tana da sara-suka. Mu ma mun ga motocin kamfe cike da yara idanunsu jawur. Mai ba su kuɗin abin da suka sha ba tsaransu ba ne. Babban mutum ne mai babbar riga, wanda nasa 'ya'yan suna makaranta mai tsada.

KWALBA TA SHIGA CIKIN GIDA

Maganin tari mai kodin ya rushe sauran katangar da ta rage. Ba shi da hayaƙi, ba shi da warin da zai tona asiri, kuma sunansa magani. Ana juye shi a robar lemo a sha a gaban kowa. Ta haka ya shiga ɗakin 'yan mata da gidan biki da ɗakin matar aure, daga ƙawa zuwa ƙawa. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Duk wanda zai yi amfani da wannan adadi a rubutunsa, ya jingina shi ga majalisar da ta faɗa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda kwalaben suke fita daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, washegari gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin da kuma haɗa shi.

A Janairun 2019 aka fitar da binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A Arewa maso Yamma kimanin kashi 12 cikin ɗari ne, wajen mutum miliyan 3.

Yanzu mu koma kan abin da muka ce ku riƙe. Babban gida ya watse, kowa ya ja matarsa ya kama haya ko ya yi ginin kansa. Kaka tana ƙauye, kawu yana Abuja, maƙwabci kuma ya daina tsawatarwa tun ranar da aka kai shi ƙara don ya daki ɗan wani. Amma uba yana nan da kunyarsa ta da. Ya fita da asuba, ya dawo bayan isha, tsakaninsa da ɗansa sai gaisuwa da kuɗin makaranta. Mun riƙe kunyar, mun rasa mutanen da suke cike gurbinta. Ƙara da mutuwar aure, inda yaro yake tashi a hannun matar uba ko yana yawo tsakanin gida biyu, kowanne yana zaton yana ɗayan. Wanda ya saurari yaron nan da dare shi ne zai yi masa tarbiyya, ko wane ne shi.

Idan abin ya bayyana, uwa takan ɓoye don kada uba ya ji, uba kuma idan ya ji sai duka, ko baki, ko kora. Wasu sukan kai gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, a wata mai bi aka sake samun irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai mafi yawansu, suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. Alhali akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure da Dawanau, amma gudun kada a ce “gidan wane akwai mahaukaci” ya fi ƙarfinmu.

ABIN DA YA RAGE GA MAI ALƘALAMI

Zama da maɗaukin kanwa yana kawo farin kai, gaskiya ne. Sai dai wata mai bincike a Amurka, Denise Kandel, ta bi abokai 'yan sakandare daga farkon shekarar karatu zuwa ƙarshenta, ta wallafa sakamakon a 1978. Ta gano cewa kamannin da ke tsakanin abokai wajen shan wiwi kusan rabi tasiri ne, rabi kuwa zaɓi ne: yaro yakan nemi wanda ya yi kama da halin da yake ciki. Ke nan kafin mu tambayi wa ya ɓata shi, mu tambayi me ya kai shi wannan majalisa.

Ƙasar Aislan ta gwada wata hanya. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Abin da suka yi shi ne iyayen aji guda suka riƙa haɗuwa suna yin yarjejeniya, aka sa lokacin da yaro zai shiga gida da dare, aka ƙara lokacin zama da 'ya'ya, gwamnati ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran ayyukan bayan makaranta. Duk wanda ya san tarihin sarkin samari da gayya zai ga ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Saboda haka idan za mu sake rubuta wannan labari, mu ba mugun abokin suna da gida da uwa. Mu nuna abin da yaron ya samu a majalisar wanda bai samu a gida ba, domin mai karatu ɗan shekara 16 ya san akwai dariya da kariya a can, idan muka ɓoye zai daina yarda da mu. Mu sa mai kemis da siniya da mai gona da ɗan takara a cikin labarin, kowa da rabonsa. Mu rubuta yarinya ma. Mu guji bayanin yadda ake haɗa kayan maye dalla-dalla, kada littafinmu ya zama makaranta. Kuma mu daina rufe kowane labari da hauka ko mutuwa. Akwai waɗanda suka daina, ta hanyar asibiti da haƙurin 'yan uwa da samun sana'a, kuma uwar da take karanta mu tana buƙatar ta san wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya, fitowar da uba ya fara gane ɗansa yana sha, ba duka, ba kora, ba wa'azi. Mu ga me zai ce masa, shi da bai taɓa kiran sunansa ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba waɗanda suka faɗa ciki mafita. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.